Shawara Ga 'Yar'uwa Mai Niyyar Zuwa Andalus

Tun ran da na ambata a wannan fili cewa na je ƙasar Sifaniya a dogon hutun makaranta na shekarar 2024, wasiƙu su ke ta zuwa ana tambayata yadda a ke yi. Wata 'yar'uwa ta ce mai gidanta ya yi mata alkawarin tafiya, amma tsoro ya hana ta barci. To, ga amsa ga ita, da duk mai irin niyyarta.

Dalilin tafiyata shi ne, Yayana yana karatu a birnin Garnaɗa, a kudancin ƙasar, yankin da har gobe a ke kira Andalus. Gwaggo, wadda ta goye shi, ta ce ita fa sai ta gan shi da idonta. Aka ce in raka ta, tun da ni ce na yi makaranta. Ni kuwa ina taƙama da takardata ta Kwalejin Horon Malamai, ina tsammani ba abin da zai gagare ni. Ashe ilmin aji daban, na hanya daban. Babban abin da na koyo shi ne, a ƙasar nan kome yana da lokacinsa, lokacin kuma ba irin namu ba ne. Wadda ta fahimci agogonsu ta ji daɗi, wadda ba ta fahimta ba ta yi asarar kuɗi ta kuma sha wahala. Ni na sha, shi ya sa na ke gaya miki.

Agogon yana fara bugawa tun kina gida. Mutanen Nijeriya da na Nijar duk sai da biza, wadda a ke kira ta Shengen. Ana karɓar takardun nema tun saura wata 6 a tashi, kuma kada ki yarda ki kai ƙurewa, gama ko da ya ke yawanci amsa ta kan fito cikin kwana 15, tana iya kai kwana 45. Kuɗin biza yuro 90 ne ga babba tun daga watan Yuni na 2024, in kuwa an hana ki ba a mayar miki da ko kwabo. Za a nemi fasfo wanda zai yi sauran wata 3 aƙalla bayan ranar komowarki, da inshorar lafiya ta yuro 30,000, da shaidar masauki, da tikitin zuwa da dawowa, da takardar banki. In ke ma'aikaciya ce, ki haɗa da wasiƙar shugaban wurin aikinki, domin abin da su ke so su tabbatar shi ne kina da abin da zai komo da ke gida. Ina roƙonki, kada ki ba wani ɗan kamasho kuɗi ya ƙirƙiro miki takardar ƙarya. In an gane, an ɓata miki suna, kuma ofisoshin ƙasashen nan duk littafinsu ɗaya ne, abin da aka rubuta a wannan wancan yana gani.

Sa'an nan zaɓen wata. Mu malamai dogon hutunmu a Agusta ya ke, a Agusta kuwa muka je, wannan shi ne kuskurenmu na fari. Da Yaya ya yi mana maganar zafi, dariya muka yi, Gwaggo ta ce wa zai koya wa ɗan ƙasar Hausa rana? Ai kuwa mun ga rana. A lardin Ƙurɗuba ne aka auna zafi har digiri 47.6 a watan Agusta na 2021, kuma digiri 40 ba abin mamaki ba ne a can a Yuli da Agusta. Bambancinsa da namu, a gida in rana ta take kina cikin ɗaki ko gindin bishiya, a can kuwa ke baƙuwa ce, kina kan titi kina yawon kallo bisa daɓen duwatsu masu turiri. In da hali ki je a Afrilu ko Mayu, ko kuwa ƙarshen Satumba zuwa Oktoba. Sai dai ki duba kalanda ki kauce wa makon Ista, gama a makon nan garuruwa kan cika maƙil, a rufe tituna saboda jerin gwanon coci, masauki ya yi tsada ƙwarai. Farkon Mayu mutanen Ƙurɗuba su kan buɗe tsakar gidajensu jama'a su shiga su ga furanni, kowace mace tana nuna gwanintarta. Wannan ban gani ba, yana kuma cikin abin da zai sa in koma. Lokacin sanyi kuwa Garnaɗa ba ta wasa, domin tana gindin duwatsu masu ƙanƙara.

Maganar kaya. Gwaggo ta ƙulle wa ɗanta kilishi da dambun nama da man shanu, ta ce yaron ya daɗe bai ci abincin gida ba. Da muka sauka, ma'aikacin kwastan ya buɗe jaka, ya kwashe su duka, bai yi faɗa ba, bai kuma saurari roƙo ba. Doka ce ta ƙasashen Tarayyar Turai: baƙo ba ya shiga da nama ko abin da aka yi da madara, kome ƙanƙantarsa. Da na bincika tun a gida da ban bar tsohuwa ta yi kuka a gaban jama'a ba. Dabino dai an bar mana. In kina shan wani magani mai ƙarfi, ki riƙe shi cikin kwalinsa tare da takardar likita. Kuɗi in sun kai yuro 10,000 a hannu, dole ki bayyana. Tun daga Oktoba na 2025 kuma an fara ɗaukar hoton fuska da na yatsun baƙi a bakin iyaka, saboda haka kada ki firgita in an ce ki ɗora hannu bisa na'ura.

Abu uku ƙanana kada ki manta. Takalmi shimfiɗaɗɗe wanda ƙafarki ta riga ta saba da shi, ban da sabo, ban da mai tsini. Ƙaramar buta ko gorar roba, gama ba za ki sami buta a makewayinsu ba. Da kuma kan caja mai ƙafa biyu zagayayyu, domin namu na Nijeriya mai ƙafa uku ba ya shiga bangonsu. 'Yan'uwanmu na Nijar sun huta da wannan, irin nasu ne. Kada ki raina wannan na ƙarshe, ki ji abin da ya jawo mini.

Daga Legas muka bi ta Kasabalanka muka sauka Madrid. Yaya ya tarye mu, ya sa mu a jirgin ƙasa mai gudun tsiya, muka isa Garnaɗa da dare. Kashegari da safe ne za mu shiga Alhamra, watau fadar sarakunan Banu Nasar, wadda aka fara gininta a 1238, aka kuma miƙa wa sarakunan Kirista a 2 ga Janairu, 1492. Ba a zuwa wurin nan kara zube. Tikiti ta intanet a ke saye, makonni kafin ranar, kusan yuro 20 lokacin da muka je, da sunanki da lambar fasfonki a jiki, kuma sai kin nuna fasfon a ƙofa. Ana iya yawo cikin lambuna da ganuwa yadda a ke so, amma ainihin ɗakunan sarakuna an rubuta miki sa'ar shiga, minti da minti. Namu ƙarfe 10 ne. Yaya yana da aiki a jami'a, ya raka mu bakin ƙofa ya ja mini kunne ya tafi. Wayata ta mutu tun dare saboda rashin caja, sai na dogara ga agogon hannuna. Na manta ɗungum cewa daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba Sifaniya tana gabanmu da awa guda. Muka shiga lambun Janaralife, Gwaggo ta zauna bakin ruwa tana tasbihi, ni ina duba agogo ina cewa da saura. Daga can zuwa fadar ma tafiyar wajen minti 20 ce. Muka iso agogona yana cewa goma saura, nasu yana cewa sha ɗaya saura. Mai gadi ta duba takarda, ta girgiza kai. Na yi Turanci, na yi magiya, na nuna mata tsohuwa. Ta ba mu haƙuri da ladabi, amma ƙofa ba ta buɗu ba. Gaskiyarta ce, laifin nawa ne. Gwaggo ba ta ce mini kome ba sai, "Malama, yau an ci ki a darasin agogo." Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Allah ya taimake mu Yaya ya samo tikitin ziyarar dare bayan kwana biyu, muka sake biya. Da muka shiga kuwa na manta da asarar. Bango duk sassaƙa ne kamar an yi wa amarya zanen lalle, rubutun Larabci yana zagaye kowane ɗaki, ana ta maimaita taken gidan sarautar, mai ma'anar ba mai rinjaye sai Allah. A tsakar gida ga zakoki 12 na dutse suna ɗauke da kwano, ruwa yana fita bakunansu yana bin 'yan magudanu zuwa ɗakuna huɗu. Gwaggo, wadda ba ta yi boko ba, ita ce ta riƙa karanta mana bango, Turawa suna tsaye suna kallonta.

To, bari in gaya miki yadda yini ya ke tafiya a can, don ki tsara naki. Agogonsu yana gaban rana, saboda haka a Agusta azahar ba ta shiga sai bayan ƙarfe 2, zafi ya fi tsanani tsakanin ƙarfe 3 da 6, magariba sai wajen ƙarfe 9, isha'i kuwa wajen sha ɗaya saura. Kada ki yi salla da lissafin gida, ki nemi jadawalin garin. Ƙananan kantuna su kan rufe daga ƙarfe 2 zuwa 5, ran Lahadi kuma yawancinsu ba sa buɗewa sam. Abincin rana, wanda shi ne babban abincinsu, daga ƙarfe 2 zuwa 4 a ke ci, na dare kuwa sai ƙarfe 9. In kika je gidan abinci ƙarfe 7 na yamma da yunwarki, sai ki tarar murhu a kashe. An ce in ka je gari ka ga kowa da wutsiya, kai ma ka nemi taka ka ɗaura. Ki fita tun da sassafe, ki gama kallo kafin azahar, ki ci abinci sosai, ki koma masauki ki yi ƙailula, sa'an nan ki sake fita da la'asar sakaliya. Mu ba mu yi haka ba ran da muka isa Ƙurɗuba. Ƙarfe 4 muna kan tsohuwar gadar kogi, ba inuwa ko ta tsinke, jiri ya ɗebi Gwaggo ta zube a jikina. Wata tsohuwa mai kanti ce ta shigar da mu, ta ba ta ruwa, ta yi mata fifita da mafici irin nasu mai naɗewa, tana ta yi mini faɗa da harshen da ba na ji, amma na gane sarai abin da ta ke nufi. Ki riƙa yawo da gorar ruwa. Ruwan famfo ana sha, kuma tun 2022 doka ta ce gidan abinci ya ba ki shi kyauta in kin roƙa. Lambar neman agaji 112 ce. Kantin magani yana da alamar koren gicciye a ƙofa. In zazzaɓi ya kama ki, lalle ki gaya wa likita daga ƙasar cizon sauro kika fito, gama su ba shi ne zai fara zuwa musu a rai ba.

Yanzu ga abin da na san ya fi damun kowace uwar gida, watau abinci. Mutanen nan masu son naman alade ne ƙwarai, za ki ga cinyoyinsa a rataye a kantuna kamar yadda mahauta ke rataye rago. Wanda a ke gani ba shi ne abin tsoro ba, sai wanda ke ɓoye. Ki rubuta waɗannan kalmomi a takarda ki sa a jaka: cerdo shi ne alade, sa'an nan jamón, wanda su ke faɗa “hamon”, da chorizo, da tocino, da lomo, da morcilla, duk nasa ne, manteca kuwa kitsensa. Kalmar sin tana nufin ban da. Amma kada ki ce ba kya cin nama ki tsaya nan, domin da yawansu ba sa lissafa hamon cikin nama, kamar yadda mu ba ma lissafa daddawa cikin kayan miya masu tsada. Akwai wata miyar tumatir mai sanyi ta Ƙurɗuba, salmorejo, mai daɗi ƙwarai, amma a kan barbaɗa mata hamon a sama, sai kin ce a bari. Romon wake ma sau da yawa da tsiran alade a ke dafa shi, har wasu kayan zaƙi da kitsen a ke murza su. Abin da muka rayu a kansa shi ne wainar ƙwai da dankalin Turawa, da soyayyen kifi, da alayyafo da wani wake mai kama da gujiya, da babbar gauta soyayya da a ke ɗiga wa zuma baƙa ta rake. A Garnaɗa kuwa hankali kwance, gama a titin Elbira da lungun Kaldereriya akwai gidajen shayi da abinci na mutanen Maroko, nama halal ne. Ki nemi abin da su ke kira menú del día da rana, kwano biyu da burodi da abin sha a kuɗi guda, ya fi araha.

Ƙurɗuba ba baƙon suna ba ne gare mu. Alfazazi mai Ishiriniya, wanda ya rasu a 1230, mutumin garin ne, haka ma Alƙurɗubi mai tafsiri. Gwaggo da ta ji haka sai ta ce ashe gidan malamai muka zo. Babban masallacin garin Sarki Abdurrahman na Ɗaya ya fara gina shi wajen 785, magadansa suka yi ta ƙara shi har kusan shekara 200. A ciki ginshiƙai sun haura 850, kowane biyu da bakan gizo hawa biyu, ja da fari, in kin tsaya a tsakiya sai ki ga kamar kina cikin gonar dabino. Amma ki shirya zuciyarki tun kafin ki shiga. Tun 1236 aka mai da shi coci, a 1523 aka fara gina wata babbar majami'a a tsakiyarsa, kuma ba a yarda Musulmi ya yi salla a ciki ba, masu gadi suna lura. Gwaggo ta tsaya gaban mihirabi mai adon zinariya hawaye na zuba, ni ma abin ya sosa mini rai, ba zan ɓoye miki ba. Duk da haka shawarata, kada ki ta da rigima a gidan da ke baƙuwa ce. Ki kalla, ki yi addu'arki a zuci, ki yi sallarki a masauki. In kina son jam'i, a Garnaɗa akwai masallaci a unguwar Albaisin bisa tudu, an buɗe shi a 2003, da wurin mata, daga lambunsa kuma ana hango Alhamra gaba ɗaya. Hawan tudun da wuya, ki shiga ƙaramar motar haya ja mai zagaya unguwar.

Ishbiliya, wadda za ki ga an rubuta Sevilla a tikiti, kwana ɗaya muka yi. Hasumiyarta, Hiralda, ta masallaci ce da aka gama a 1198, kuma hawanta gangara ce mai zagayawa a maimakon matakala, har Gwaggo ta kai rabi. Lemun da za ki gani a bishiyoyin titi ki bar shi, ɗaci gare shi.

Game da sutura, na yi yawo da zanena da mayafina ba wanda ya hana ni. An kalle mu, wasu mata ma sun tare mu suna yaba atamfa. Gaisuwarsu sumba ce a kumatu biyu, har tsakanin mace da namiji. In ba kya so, ki dafa ƙirji ki yi murmushi tun daga nesa, suna ganewa. Wajen manyan coci-coci za ki gamu da mata masu miƙo miki ɗan reshen ganye mai ƙanshi kamar kyauta. Kada ki karɓa, gama da kin karɓa za a kama tafin hannunki a yi miki duba, sa'an nan a nemi kuɗi. Ki ce “no, grasiyas” ki wuce. 'Yan sane kuma suna nan a tasha da wurin cunkoso, jakarki ta zauna a gaba, ki raba kuɗinki gida biyu, ki kuma ajiye hoton fasfonki dabam da fasfon.

Saura agogo na ƙarshe, wanda ya fi duka. A jikin bizarki an rubuta ranar farawa, da ranar ƙarewa, da yawan kwanakin da aka ba ki, kuma kwanakin ba lalle su cika tsakanin ranakun biyu ba. Ki ƙirga da kanki, ranar shiga da ranar fita duk suna cikin lissafi. Za ki gamu da masu ce miki ki zauna mana, ai aiki yana nan. Na ga 'yan Afirka ta Yamma da suka bi wannan shawara, suna shimfiɗa haja a bakin titi bisa zane mai igiya, da sun hango ɗan sanda su tattare su ruga. Wadda ta wuce kwanakinta ana iya cin ta tara, a hana ta shiga ƙasashen nan na shekaru, ta kuma jawo wa ƙannenta wuyar samu. Mu kwana 15 aka ba mu, ran na 13 muna cikin jirgi.

Tsaraba kuwa, man zaitun na Andalus ba shi da na biyu, ga mafici, ga 'yan akwatunan katako masu ado na Garnaɗa. Sai dai man ki naɗe shi da leda da zane ki sa a babban akwatin da za a auna, domin a jakar hannu ba a barin ruwa ko mai ya wuce ɗan mitsitsin kwalba. Wannan karon na tuna tun a masauki, kwalabe uku na Gwaggo suka iso gida lafiya. Ɗaya ta raba wa maƙwabta a 'yan kwalaben turare, biyun kuwa suna ƙarƙashin gadonta, ba mai taɓawa.

Mai sauran tambaya ta aiko ta hannun Edita. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.